Makullin Mota a Hannun Inna

Duk wanda ya san gidan Alhaji Mannir a Kambarawa ya san samarinsa biyu, Habibu da Nasiru, amma da wuya ka samu mai iya nuna maka wanne ne ɗan cikinsa. Shi ma Alhajin haka yake so. In baƙo ya yi karambanin tambaya, sai ya haɗe rai ya ce duk nasa ne, ya kawo zancen gero da dawa, don dama hatsi ne sana'arsa, kuma in ya shiga wannan zance ba a fita da wuri.

Gaskiyar magana kuwa Nasiru ɗan ƙanensa ne, marigayi Sada, wanda ciwo ya ɗauke yaron bai fi shekara uku ba. Bayan an share makoki, mahaifiyarsu Inna Ladi ta kira Mannir ɗakinta a tsohon gidansu na Gobarau, ta ɗora hannun yaron a cikin nasa, ta ce abu ɗaya take roƙo a wurinsa, kada yaron nan ya tashi ya san bambanci. Uwar yaron ta gama takaba ta yi aure a Malumfashi, shi kuwa Nasiru ya dawo Kambarawa ya tarar da Habibu, wanda ya girme shi da 'yan watanni.

Alhaji ya riƙe maganar Inna riƙon da har ya so ya wuce gona da iri. Ba a taɓa yi wa yaran nan ɗinki daban ba. Kowace salla shadda ɗaya ake yankowa, tela ɗaya, aiki iri ɗaya a wuya, hula ma sai an zagaye kasuwa an samo tagwaye. Keke biyu iri ɗaya, waya biyu iri ɗaya, makaranta ɗaya. In aka kawo tsaraba ba ta rabuwa biyu, to babu mai samu.

Ta wani fanni ya ci nasara, domin Nasiru ya tashi babu alamar maraici a tare da shi. Yaro ne mai baki, ga tsayi, ga dariya a kusa. Shi ne mai tsoma hannu a kwanon Alhaji ya ɗauke tsokar da ta fi girma. Shi ne in an kawo ɗinkin salla zai ɗaga rigar ya yamutsa fuska, ya ce wannan launi ai na masu jika ne, Baba ya daina zaɓar musu kaya da idon limamin unguwa. Godiya kuwa sai dai a tsaitsaye, yana tafiya. Alhaji ya yi ta faɗa, yana kiransa marar ta-ido, amma a ransa daɗi yake ji. Ya san ɗan riƙo ba ya raina kyauta, sai ɗa.

Wanda abin ya faɗa kansa shi ne Habibu. Shiru-shiru ne, irin yaran da ake mantawa suna cikin ɗaki. In su biyu suka yi laifi shi ke shan faɗan, don kada a ce an taɓa maraya. In suka so abu ɗaya shi ake cewa ya haƙura, ai shi ne babba. Alhaji yana sane da wannan, amma tun da yaron bai taɓa buɗe baki ba, sai ya ɗauka shirun yarda ne.

Shekarar da suka cika sha takwas, duka biyun suka samu gurbi a jami'a. Wata rana bayan la'asar Alhaji yana falo shi kaɗai, Habibu ya shigo ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana wasa da gefen dardumar. Alhaji ya ce masa ya faɗi abin da yake so na tukuicin ƙoƙarin da ya yi, za a yi musu.

"Baba, ba a yi muna nake so ba," in ji Habibu, kansa a ƙasa. "Ni tunda na tashi ban taɓa samun abin da aka ce nawa ne ni ɗai ba. Sau ɗaya nake so in ji yadda ake ji."

Bai faɗa da fushi ba, kuma hakan ne ya fi yi wa Alhaji ciwo. Kunya ta kama shi a gaban ɗan da ya haifa. Da yaron ya miƙo waya ya nuna masa hoton wata baƙar Marsandi mai zubin jif, bai tsaya tunani ba, ya ce an gama, kuma tasa ce shi kaɗai. Sai da Habibu ya fita yana murmushin da rabon a gan shi a fuskarsa an jima, sannan Alhaji ya tuna cewa a gidan nan akwai wani yaro.

Da ya gaya wa matarsa Hajiya Fadila, ba ta yi murnar da ya zata ba, ko da yake ita ta haifi Habibu. Ta ce ba ta hana ba, yaron ya daɗe yana haƙuri, amma Nasiru a bayanta ya yi wayo, ba za ta so ya ji a bakin duniya ba. Ya kira shi ya gaya masa baki da baki tun kafin mota ta shigo gidan. Alhaji ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Mutumin da ke tsayawa gaban manyan dillalai a kasuwa ya faɗi magana ɗaya ta zauna, wai shi za a koya wa yadda ake magana da yaro.

Mako ya zagayo bai faɗa ba. Kullum da dalilinsa. Yau yaron yana cin abinci, gobe yana tare da abokai, jibi kuma ya shigo da wani labarin ban dariya, ba daɗi a katse shi. Daga ƙarshe dabara ta faɗo masa, irin dabarar mai jin tsoro. Zai ɗauki Nasiru su je wurin sayen motar su biyu, a hanya sai ya warware masa komai. Ranar Asabar da hantsi ya leƙa ɗakinsu ya ce Nasiru ya zo ya raka shi duba motar makaranta. Haka ya ce, motar makaranta, kuma tun kalmar ba ta gama fita ba ya san abin da yaron zai fahimta.

Nasiru ne ya ja su. Tun daga Kambarawa har suka wuce Ƙofar Ƙaura bakinsa bai rufu ba. Yana tsara yadda za su riƙa fita da sassafe shi da Habibu, wa zai ja da safe, wa zai ja da yamma, da kuma yadda za a hana Habibu tuƙin tsofaffin nan nasa da har masu Keke Napep ke yi masa hon. Alhaji ya gyara murya ya ce, "Nasiru." Yaron ya ce na'am. Alhaji ya ce ya kula da mai babur ɗin can.

Wurin sayar da motocin yana kan hanyar Kano, fili ne babba da aka zagaye da waya, motoci 'yan Kwatano a jere sai ƙyalli suke a rana. Mai wurin, Kabiru, tsohon sanin Alhaji ne. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da kasuwa da jikin Inna, aka kawo ruwa. Da ya ji motar yaro ɗan jami'a ake nema, ya fara kai su gaban wasu ƙananan Toyota guda biyu farare, a jere kamar ƙwai a faranti. Ya ce tare aka shigo da su, shekara ɗaya, ba su shan mai, kayan gyaransu ko a ƙauye ana samu, kuma su ne daidai hannun mai koyo.

Nasiru ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce to ga shaddar Baba nan an yanko, saura hula.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon motocin nan biyu, ya ga mafita a fili. Abin da zai sayi Marsandi ɗaya zai sayi waɗannan biyun, kowa ya ja tasa, Inna ta sa albarka, duniya ta yaba masa kamar yadda ta saba. Har ya ɗora hannu a kan ɗaya. Sai fuskar Habibu ta faɗo masa, yadda zai karɓi makullin ya ce ya gode, ya koma cikin shirunsa, wannan karon kuma da sanin cewa ya roƙa an yi masa alkawari an fasa. Ya janye hannunsa, ya tambayi Kabiru ko akwai baƙar Marsandi.

Akwai. Tana can ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta. Da aka yaye rigar, Nasiru ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Kabiru, wanda ya ga ciniki ya canja salo, shi ma ya canja waƙa nan take. Motar da ɗazu ta fi ƙarfin mai koyo yanzu ta zama ita ce ta fi tsare ran yaro, jikinta ƙarfe ne na gaske, birkinta ba ya wasa, in za ka yi baya tana nuna maka abin da ke bayanka. Alhaji ya kama wannan hujja hannu bibbiyu. Ya yi ta tambaya a kan birki da taya da ƙarfin gudu, yana cewa shi lafiyar yaro ce damuwarsa, ba ado ba. Shi kansa ya san tambayoyin na cika lokaci ne.

Kabiru ya tambayi wa za a saya wa. Alhaji ya ce yaronsa. Kabiru ya juya ya kama hannun Nasiru yana jijjigawa, yana cewa Allah ya sanya alheri, ya tsare, irin wannan uba sai an tona. Nan ne wurin magana, kuma Alhaji ya ga wurin sarai, ya bar shi ya wuce.

Nasiru ya shiga ya zauna, ya ja kujera baya don dogayen ƙafafunsa. Kabiru ya nuna masa wasu madannai a jikin ƙofa, ya ce motar tana riƙe zaman mai tuƙi, in ka daidaita kujera ka danna lamba, duk sanda ka dawo ka taɓa za ta koma yadda ka bar ta. Wannan ya fi komai burge yaron. Ya matso da kujerar gaba, ya ɗaga ta sama daidai gajartar Habibu, ya danna ɗaya. Ya mayar da ita baya daidai kansa, ya danna biyu. Ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Baba, ka gani? Ita ma ta san mu biyu ne. Na ba shi ɗaya, tun da shi ne babba."

Alhaji ya ce ya gani. Ya bi Kabiru ofis aka ƙarasa ciniki, ya fito da gumi duk da sanyin da ke ɗakin.

A zuriyar Inna Ladi akwai wata al'ada da ba a tsallakewa. Duk abin da aka saya mai makulli, babur ne, shago ne, gida ne, ba a fara amfani da shi sai an kai mata. Za ta riƙe makullin a tafin hannunta ta yi addu'a ta tofa, ta kira sunan mai abin da bakinta, sannan ta damƙa masa. Motar Alhaji ta farko ma, wata tsohuwar a-kori-kura, ta wannan hannu ta bi. Ya san da wannan tun ranar da ya yi alkawari, ya dai yi ta ture tunanin gefe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka tafi su uku. Samarin suna sanye da shadda ruwan toka iri ɗaya, ɗinkin ƙaramar salla. Alhaji ne ya ja, don ba a ba kowa ba tukuna. Habibu yana baya yana shafa fatar kujera a hankali, a zatonsa an riga an gaya wa ɗan'uwansa. Nasiru yana gaba yana taɓa duk abin da ke taɓuwa. Lungun gidan Inna ba ya ɗaukar mota, sai suka ajiye ta a bakin hanya, inda ake hango hasumiyar Gobarau, yara suka yanyame ta suna leƙen fuskokinsu a jikinta.

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu. Idonta ya yi rauni, da murya take gane mutane, sai kuma da lalube. Aka gaisa, ta tambayi Fadila da 'yan matan gida, ta yi wa samarin tsiya wai mazajen nata sun yi boko sun manta da ita. Nasiru ya ce ai ya kusa yi mata saki, tsohuwar da ba ta iya ko dama fura. Ta kai masa dukan wasa da carbi. Sannan Alhaji ya durƙusa ya sa mata makullin a hannu, ya ce mota ce aka saya ta zuwa makaranta.

Ta juya makullin, ta ce wannan kuma wane iri ne babu haƙora. Ta rufe shi da tafukanta ta yi addu'a mai tsawo, ta nemi tsari daga sharrin ƙarfe da sharrin dare da bakin mutane, ta tofa. Ta miƙa ɗayan hannun kamar mai jiran a sa mata wani abu. Da ta ji ba a sa ba, ta laluba ta kamo hannun rigar Habibu ta murza, ta kamo na Nasiru ta murza.

"Yadi ɗaya," ta ce. "To makulli ɗaya na ji. Mannir, sunan wa zan kira?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Habibu ya ɗago kai yana kallon mahaifinsa, kallon mai jiran a faɗi sunansa sau ɗaya a gaban mutane. Nasiru yana shirin sako wata tsiyar, sai idonsa ya faɗa kan wannan kallo. Ya dubi Habibu, ya dubi Alhaji da ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai kaifin hankali, bai buƙaci ƙari ba. Alhaji yana gani dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Ta Habibu ce, Inna," in ji Nasiru. "Ni na raka Baba muka zaɓo mashi."

"Kai fa?"

"Ni ai shina kai ni. Hanyarmu ɗaya."

Inna ba ta juya wajen ɗanta ba, kuma da ta juya ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta kira sunan Habibu cikakke, ta damƙa masa makullin, ta sa masa albarka. Yaron ya karɓa, amma sai a lokacin ya gane ba a gaya wa Nasiru ba, murnar da ya daɗe yana jira ta zo masa da ɗaci. Da za su tafi, Inna ta riƙe hannun Nasiru ta daɗe ba ta saki ba. Shi kuwa Alhaji abin da ya samu kawai shi ne, ya gaida gida.

Habibu ne ya ja su zuwa Kambarawa. Da ya zauna ƙafarsa ba ta kai yadda yake so ba, Nasiru ya ce masa daga kujerar baya ya danna ɗaya. Kujerar ta matso da kanta ta tsaya daidai shi.

Hajiya Fadila ta dubi fuskokinsu da suka shigo, ta koma kicin ba ta tambaya ba. Alhaji ya kasa cin abinci. Yana ta saƙa yadda zai gyara, ya sayo wata motar, ko ya mayar da wannan, ko ya ce wasa ne. Kowacce ya ɗauko sai ya ga ta makara. Ba motar ce ta yi ɓarnar ba, shi ne da ya bar yaro ya yi ta murna a gabansa, kuma ya bar shi ya faɗi da bakinsa abin da shi babba ya kasa faɗa.

Washegari da safe ya ɗauko makulli na biyu da Kabiru ya haɗo da shi, ya aika a kira Nasiru. Ya ma shirya yadda abin zai kasance. Zai jefa masa makullin kamar ba komai ba, yaron zai cafe, ya ce sai yanzu aka tuna da shi, ya ce dama baƙar mota zafi gare ta, shi da ja aka sayo. Alhaji zai zage shi marar ta-ido, shi ke nan a koma yadda ake.

Nasiru ya yi sallama a bakin ƙofa, ya jira sai da aka amsa. Ya tuɓe takalmi, ya shigo ya durƙusa nesa da kujera. Alhaji ya kasa jefawa, ya miƙa masa, ya ce ya riƙe wannan, duk sanda yake da buƙata ya ja abinsa.

Yaron ya matso da gwiwa, ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara arziki. Allah ya biya ka duk ɗawainiyar da ka yi da ni tun ina ƙarami."

Ya ci gaba da jero godiyar a natse, tsaf, babu gatse a ciki ko kaɗan, irin wadda Alhaji yake ji kullum a ƙofar gidansa daga bakin waɗanda yake taimaka wa. Alhaji yana zaune yana roƙo a ransa yaron ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya raina wani abu, ko mene ne. Nasiru ya ƙarasa, ya tambaya ko akwai aike. Alhaji ya ce babu. Ya tashi ya ja da baya har bakin ƙofa, ya sa takalminsa, ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.